Kunne Ya Girmi Kaka

Duk sa'ad da na gaya wa wani a ajinmu cewa ba kiɗan da ya kwanta mini a rai kamar jaz, sai ya dube ni kamar na ce da shi da cokali mai yatsu nake cin tuwo. Wani ma ya taɓa tambayata, wai me ya haɗa mai nazarin Narambaɗa da bushe-bushen Amurkawa? To, 'yan'uwa, ba daga Amurka na samo abin ba. A Tudun Wada na same shi, a zauren gidanmu, a hannun kakana. Labarin da nake so in ba ku a nan kuwa shi ne yadda son kiɗan nan ya kusa mai da ni kurma, da kuma yadda tsoho ɗan shekara 84 ya buɗe mini kunne.

Kakan nawa, wanda ya haifi mahaifina, mai gyaran rediyo ne. Sunansa aka sa mini, saboda haka Takwara yake kirana, ni kuwa in ce da shi Alhaji, in wasan jika da kaka ya motsa in ce da shi Tsoho. Tun yana saurayi yake ƙetare Kubanni kullum da safe, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, wurin wani maigidansa mutumin Kudu, inda ya koyi sana'a. Shi maigidan nan yana da garmaho da wani akwatin ƙarfe cike da faya-fayai, in an tashi daga aiki sai ya ɗora ɗaya, su zauna shi da yaronsa suna saurare har magariba ta kawo jiki. A 1966, da rikici ya ɓarke, maigidan ya kwashe iyalinsa ya bar Zariya cikin gaggawa, ya danƙa wa yaron nasa akwatin, ya ce ya ajiye masa har ya dawo. Bai dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Yau shekara kusan 60 ke nan akwatin yana ƙarƙashin gadon Alhaji, amma har gobe in zai yi zancensa ba ya cewa faya-fayaina, sai dai ya ce ajiyar maigida.

A cikin akwatin nan akwai Louis Armstrong, da Duke Ellington, da Count Basie, da Ella Fitzgerald, da waɗansunsu. Galibin faya-fayan irin na da ne, masu nauyi, waɗanda in sun faɗi sukan fashe kamar tangaran, kowane gefe kuwa ba ya wuce kamar minti 3. A bayan murfin an manna wani hoto da aka yanko daga jarida, ya yi jawur don tsufa, na Armstrong tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, lokacin da ya zo Nijeriya a 1960. Ban da akwatin, Alhaji yana da wata makarantar, watau Muryar Amurka, inda wani mutum mai suna Willis Conover ya riƙa gabatar da shirin jaz tun daga 1955 har ya rasu a 1996. Ya ce da dare, in ya rufe shago, sai ya kama tashar a kan gajeren zango, da ya ji taken shirin, wanda kiɗan ƙungiyar Ellington ne, sai ya gyara zama. Turancinsa ma, in ji shi, rabi a wurin mutumin nan ya koya, don yana magana a hankali kamar mai ƙidayar kuɗi.

Ga wanda bai san abin ba, shi jaz kiɗa ne da ya tsiro a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, a tsakanin baƙaƙen fata jikokin bayi. Ya samo jijiya daga waƙoƙin aikin gona, da na coci, da na kukan zuci, da kuma badujalar da kan raka gawa maƙabarta, a 1917 kuwa aka fara ɗaukarsa a faifai. Yadda ake yinsa shi ne, makaɗa su fara da wani kari da kowa ya sani, sa'an nan kowannensu ya fito fili bi da bi ya ƙaga nasa nan take a kan wannan kari, daga ƙarshe su koma inda suka faro. Amma Alhaji bai koya mini da irin wannan bayani ba. Da Shata ya koya mini. Ina ɗan firamare ya ɗora mini faifan West End Blues na 1928, inda Armstrong ya buɗe da busa shi kaɗai, ba ganga ba fiyano, sa'an nan ya ce, "Takwara, ka ga Shata in ya jefa magana, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya ƙarasa abin da baki bai faɗa ba? To, nan ma haka ne. Ga mai ƙaho ya yi tambaya. Saurara. Ga mai fiyano ya ba shi amsa." Tun daga ran nan na daina jin jaz a matsayin kiɗan baƙi. Hira ce ake yi da kayan kiɗa, ni kuwa ɗan gidan masu hira ne.

Da na shigo jami'a, sai na zo da abin nan a ka kamar rawani. Na haddace sunayen makaɗa da shekarunsu, ina iya gaya maka wane ne ke busa tun kafin a yi daƙiƙa 5. Ba a jima ba kuma na kafa wa kaina doka, wadda ko Alhaji bai taɓa furtawa ba: duk abin da ba ya cikin akwati, ko bai yi kama da na cikin akwati ba, to, ba jaz ba ne. Nakan ce an binne jaz tare da Armstrong a 1971, in an matsa mini in ƙara shekara 3 saboda Ellington. Gaskiyar magana kuwa, ban taɓa zama na saurari na bayansu ba. Jin daɗin raina su nake yi, don raini yakan sa yaro ya ji kamar ya girma.

Wata rana da dare, a ƙarshen 2023, abokin ɗakina a Samaru ya ce mini, "Malam mai jaz, ga mutanenka sun ci kyauta a Ingila." Ya kunna wayarsa. Wata ƙungiya ce ta samari 5 a Landan, Ezra Collective, waɗanda a watan Satumba na shekarar suka ci kyautar Mercury, su ne kuma 'yan jaz na farko da suka taɓa cin ta. Na ji ganga tana gudu, na ji amo mai girgiza ƙirji irin na gidan rawa, sai na yamutsa fuska na ce, "Wannan ai kiɗan disko ne aka sa wa ƙaho." Abokin nawa bai yi gardama ba. Ya dubi fuskar wayar, ya ce, "Rabin minti ka ji." Ya kashe, ya sa abin jinsa a kunne, ya juya mini baya. Na kwanta ina ganin na yi nasara.

Bayan wata biyu ko uku aka ba mu aikin gida a darasin waƙar baka, a kan kayan kiɗan Hausa. Ina cikin bincike a ɗakin karatu sai na ci karo da wani littafi na Turanci a kan wasanni da kiɗan Hausawa, wanda aka buga a 1987, marubutansa biyu, Ziky Kofoworola da Yusef Lateef. Sunan na biyun ya tsaya mini a rai, don na taɓa ganinsa a jerin mabusan jaz. Da na bi sawu, sai na tarar ashe shi ɗin ne. Ba'amurke ne, an haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya yi busa tare da Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley, manyan da ko a Amurka sai an cire hula. Mutumin nan kuwa a nan Zariya ya zauna, daga 1981 zuwa 1985, yana aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta wannan jami'a tamu, yana nazarin sarewar Fulani, yana kiɗa da makaɗanmu. Na yi mamaki ƙwarai da gaske. Yaya za a yi irin wannan mutum ya yi shekara 4 a garinmu, amma Alhaji, wanda ya ba ni labarin zuwan Armstrong Kaduna ya fi sau 100, bai taɓa ambatonsa ba?

Ran Juma'a na hau bas daga Samaru, na sauka Tudun Wada, na iske shi a zaure bayan la'asar. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ka san wani Yusef Lateef?"

Ya yi shiru har na zaci bai ji ba, don kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Can ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "A littafi na gani."

Ya ce, "Littafi ba ya rufa wa tsoho asiri." Sa'an nan ya ba ni labari. Wani malamin jami'a da yakan kawo masa gyaran rediyo ne ya gaya masa cewa wani babban mabushin Amurka yana Samaru, yakan kuma yi gwaji da makaɗa da yamma. Alhaji ya ce daren nan bai yi barci ba. Kashegari ya sa babbar riga, ya hau babur, yana tafe yana raya wa kansa zai ji abin da ke cikin akwati ido da ido. Da ya isa, sai ya tarar da wani dogon mutum da hula zaune a tsakiyar makaɗan gargajiya, riƙe da sarewa, ya busa kaɗan ya tsaya ya saurari masu ganga, ya sake busawa. "Na ce a raina, wannan ai sarewar da Fulani ke busa wa shanu ce a bayan Shika. Ita na taso tun daga Tudun Wada in ji? Ko minti 10 ban yi ba na fita, na tayar da babur. Ban sake komawa ba."

Na ce, "Daga baya fa?"

Ya ce, "Daga baya na san ko wane ne, amma ya riga ya koma ƙasarsu. Takwara, mutum ya ƙetaro teku don ya saurari abin da ke bayan gidana, ni kuwa na kasa ba shi minti 10. Maigida ajiya ya ba ni, bai ce in toshe kunnena da ita ba. An ce kunne ya girmi kaka. Nawa kunnen ni na hana shi girma."

Ban ce komai ba, don ni na san abin da na yi. Shi ya ba da minti 10, ni rabin minti na bayar. Na gaya masa Lateef ya rasu a 2013 yana da shekara 93, ya yi masa addu'a. Sa'an nan na faɗa masa abin da ya faru tsakanina da abokin ɗakina. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce, "Gado ba na gona kaɗai ba ne. Kawo wayar."

Ya ɗauko wata tsohuwar lasifika, ya yi 'yan ƙulle-ƙullensa na masu gyara, ya haɗa ta da wayata. Muka fara da faifan da Lateef ya ɗauka a Legas a 1983 tare da makaɗan Nijeriya, wanda ya sa wa suna In Nigeria. Alhaji ya juyo kunnensa na dama, ya rufe ido, bai motsa ba har aka gama. Sa'an nan ya ce a sa na yaran Landan. Wannan karon na daure na saurara. Da aka wuce rabin mintin nan da na tsaya a kai, sai na ji mai ƙaho ya jefa magana, mai saksafon ya karɓe, mai fiyano ya shigo ta gefe kamar mai raba gardama, gangar kuwa da na ce gudu take yi, ashe kowa take bi tana ba shi amsa. Abin da aka koya mini ina ɗan firamare, shi ne dai a gabana, sai dai ya sake riga. Na dubi Alhaji, na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi. Ya buɗe ido ya ce, "Mai gangar nan ya sha ruwan Legas. Hannun mutanen Fela ne."

Tsohon bai yi kuskure ba. Mai gangar, Femi Koleoso, da ƙanensa mai kaɗa bas, 'ya'yan 'yan Nijeriya ne da suka tashi a Landan, shi Femi kuwa ya ɗauki darasi a hannun Tony Allen, wanda ya yi wa Fela kiɗan ganga daga 1964 zuwa 1979. Shi kuma Tony Allen, yana saurayi a Legas, da sauraron faya-fayan Art Blakey da Max Roach ya gyara hannunsa, har a 2017, shekara 3 kafin rasuwarsa, ya fitar da faifai don girmama Blakey. Da na karanta wa Alhaji wannan, sai ya ce in jawo akwati. A can ƙasa, ƙarƙashin su Basie, akwai faifan Art Blakey guda ɗaya, wanda ba mu cika ɗorawa ba don muna ganin ya faye hayaniya. Watau kakan kiɗan da na raina a Samaru yana kwance a ƙarƙashin gadon kakana tun kafin a haifi ubana.

Daga nan na koma karatun tarihin da nake taƙama na sani, sai na ga wani abu da na riƙa tsallakewa. Lokacin da Armstrong yake saurayi, masu ganin kansu da mutunci a Amurka kiɗan mashaya suke kiran jaz. A shekarun 1940, da Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka zo da nasu salon mai sauri da sarƙaƙiya, Armstrong da kansa ya kushe shi a bainar jama'a. A 1970, da Miles Davis ya rungumi kayan kiɗa masu aiki da lantarki, waɗansu tsofaffin masoyansa suka ce ya ci amana. Kowane zamani da masu cewa an binne jaz jiya. Shi Lateef ma ko sunan jaz ɗin ba ya so a kira kiɗansa da shi. Ashe dokar da na kafa ba sabuwa ba ce, tsohuwar cuta ce na ɗauka.

Kada mai karatu ya zaci yanzu duk abin da aka busa sai in tafa. Na saurari The Epic na Kamasi Washington, wanda ya fito a 2015, kusan awa 3 cur, da mawaƙa da masu goge bila adadin, har yau kuwa nakan gaji kafin in kai tsakiya, in tuna da mutanen da suke faɗin abin da za su faɗa cikin minti 3 su yi shiru. Akwai kuma waɗanda in sun cusa waƙar gambara irin ta zamani a tsakiyar busa, sai in ji kamar an zuba manja a fura. Amma yanzu in na ƙi abu, na san abin da na ƙi, na kuma san dalili. A cikin wannan yawo ne na gamu da Kokoroko, su ma na Landan, waɗanda wata mace mai busa ƙaho, Sheila Maurice-Grey, take jagoranta, kiɗansu kuwa akwai mai sanyi kamar iskar asuba. Na gamu da Samara Joy, wadda aka haifa a 1999, kusan tsarata, tana rera waƙa irin ta zamanin su Ella Fitzgerald, har ta ci kyautar Grammy ta sabuwar mawaƙiya a 2023. Da na tsaya a kan dokata, da ko ita, wadda ta fi kowa kusa da akwatin Alhaji, ban ji ta ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai, da malamaina masu girma, ba don in tallata kiɗan Amurka na rubuta wannan ba. Cutar nan da na kwatanta, ina jin muna da ita a sashenmu. Sau nawa muke cewa waƙar Hausa ta ƙare da rasuwar Shata a 1999, ko ta Ɗanmaraya Jos a 2015? Sau nawa muke tattara duk mawaƙan yau mu kira su 'yan nanaye, alhali kuwa ko rabin minti ba mu ba su ba? Mun manta cewa Shatan nan da jami'armu ta ba digirin girmamawa a 1988, akwai lokacin da iyaye ba su so a ga 'ya'yansu a wurin wasansa. Ban ce babu hasara ba. Akwai, babba ma kuwa. Yawancin waƙoƙin da ake ɗauka a situdiyo yanzu, na'ura ce ke yin aikin kalangu, ita kuwa na'ura ba ta sauraron mawaƙi balle ta ba shi amsa, ba ta kuma ƙarasa abin da baki bai faɗa ba. Amma wannan hukunci ne da sai wanda ya zauna ya saurara yake da ikon yanke shi, shi ne kuma zai iya nuna wanda ya yi fice a cikinsu. Ma'aunin da Alhaji ya ba ni, watau ko makaɗan suna jin juna, yana aiki a kan Narambaɗa, yana aiki a kan Armstrong, yana kuma aiki a kan yaron da ya fitar da waƙa jiya a Kano.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Yaran Landan sun ɗauki gangar Legas sun zaga duniya da ita. Ba'amurke ya zo har Samaru ya durƙusa wa sarewa shekara 40 da suka wuce. Mu da muka gaji kalangu da algaita da gurmi da kuntigi da goge, wane ne a cikinmu zai ɗauke su ya faɗi sabuwar magana da su? Ba na jin wanda ya kulle su a akwati don tsananin so shi ne zai yi.

Ran Lahadi da na koma Samaru na ba abokin ɗakina haƙuri, ya ce ba komai, amma har yau in ya gan ni sai ya ce, "Rabin Minti, ina aka fito?" Sunan ya bi ni, na kuwa karɓa. Shi kuma Alhaji ya miƙa mini mabuɗin akwati, ya ce in riƙe, in har Allah ya sa jikokin maigida suka zo nema in ba su kayansu cif. Sa'an nan ya ɗora mini wani aikin, wai duk Juma'a in zo masa da kiɗa ɗaya wanda bai taɓa ji ba. Na ce, "Tsoho, su Ellington fa?" Ya ce, "Su na haddace su, ko a kabari aka tambaye ni zan kawo. Kunne ɗaya ya rage mini, Takwara, shi ma ya fara tafiya. Bari in kashe shi a kan abin da ban sani ba."

Makon jiya na kai masa wani, ya saurara har ƙarshe, ya ce bai yi masa ba. Jibi zan kai masa wani. Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar masa kunnen.